Kundin Bibiyar Tsirran Daji Daga Ƙarshen Hunturu Zuwa Rufewar Kurmi

23 ga Fabrairu

Na ɗauki wannan aiki ne da niyyar bibiyar ƙananan tsirran dajin da ke kusa da gidana tun daga ranar da suka huda ƙasa har zuwa ranar da suka koma cikinta, ina ɗaukar hotonsu a kowane mataki, ina kuma rubuta abin da kyamara ba ta iya riƙewa, kamar sanyin iska da damshin ƙasa. A yankunan da hunturu ke zuwa da ƙanƙara, manyan itatuwan kurmi suna kaɗe ganyensu gaba ɗaya, saboda haka a farkon bazara hasken rana yana sauka kai tsaye har ƙasa ba tare da wani abu ya tare shi ba. Akwai rukunin tsirran da rayuwarsu ta rataya kacokan a kan wannan ɗan lokaci. Suna tsirowa da abincin da suka tara bara a cikin saiwarsu, su yi fure, su ba da iri, su sake tara abincin baɗi, duk kafin itatuwan da ke samansu su yi ganye su rufe musu rana.

Hanyar da na zaɓa ba ta da tsawo, kuma da gangan na yi haka, domin abin da nake nema shi ne komawa ga tsiro ɗaya sau da yawa. Turbar ta fara daga wani fili mai tsakuwa, ta hau gangaren da ke fuskantar kudu, sannan ta gangara zuwa bakin rafi inda laka ba ta bushewa. Na kafa 'yan ƙananan sanduna a wuraren da zan riƙa tsayawa, don hoton yau da na mako mai zuwa su kasance daga kusurwa ɗaya.

Yau na tarar da farin furen nan mai sunkuyar da kai, wanda masana ke kira Galanthus nivalis, ya riga ya buɗe a gindin wani tsohon kututture, alhali akwai sauran dusar ƙanƙara a inuwar duwatsu. Bakin ganyensa yana da tauri, kuma da shi yake ratsa daskararriyar ƙasa. Sai da na kwanta rubda ciki kafin na ga cikin furen, inda ƙananan ganyayensa na ciki suke da ɗigon kore a bakinsu.

2 ga Maris

Mafi yawan lokacin yau ya tafi a kan itace guda, wato Corylus avellana da ke gefen gangare. Kowa yana ganin dogayen tuntayensa masu ruwan ɗorawa suna lilo, waɗanda su ne furannin namiji, kuma iska ce ke kwasar garinsu. Furen macen kuwa mutane da yawa suna wucewa ba su taɓa lura da shi ba, domin bai wuce 'yan zaruruwa jajaye da suka leƙo daga bakin toho ba, tsawonsu 'yan milimita kaɗan. Shi na zo ɗauka, kuma shi ya nuna mini wahalar hoton kusa.

Idan gilashin kyamara ya matso har girman abu a cikin na'ura ya yi daidai da girmansa na zahiri, yankin da ke fitowa sarai yana raguwa ƙwarai. A kan f/8, wato ɗaya daga cikin matakan faɗin ƙofar da haske ke shiga kyamara, bai fi kaurin milimita 1 ba, abin da ke gabansa da abin da ke bayansa duk sai su yi dishi-dishi. Mutum zai iya matse ƙofar haske zuwa f/16 ko fiye don ya ƙara zurfin, amma daga nan hasken da ke shiga yana raguwa, dole a tsawaita lokacin ɗauka, ga shi reshe ba ya tsayawa cak ko da iska kaɗan ce ke kaɗawa. Matsewar da ta yi yawa kuma ita kanta tana rage kaifin hoto, saboda yadda haske ke bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa. Abin da ya yi mini aiki shi ne f/11 da saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa, tare da ɗaga ISO, wato saitin da ke sa hoto ya haskaka ko da haske kaɗan ne amma yana jawo masa tsakuwa-tsakuwa, sannan na jira 'yar tsayawar da iska ke yi tsakanin kaɗawa da kaɗawa. Na gwammace hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa wanda zaruruwan suka fito a kan hoto mai santsi wanda ba a gane komai a cikinsa.

Sanyi yana cinye batir da sauri, saboda haka na riƙa ajiye na biyun a aljihun ciki. Da na dawo gida kuma ban fitar da kyamarar daga jaka ba sai da ta ɗumama a hankali, don kada tururi ya kwanta a kan gilashin da cikin na'urar.

10 ga Maris

A filin tsakuwa, inda ban yi tsammanin ganin komai da wuri ba, Tussilago farfara ya fito. Furensa mai ruwan ɗorawa ne, a kan gajeren kara mai ɓawo-ɓawo da laushin gashi, kuma babu ganye ko ɗaya a tare da shi, domin ganyensa ba ya fitowa sai furen ya gama. Na sa alama a wurin da kyau, saboda nan da 'yan makonni faffaɗan ganyen da zai rufe wannan wuri ba zai yi kama da abin da na ɗauka yau ba, kuma ina son hotunan biyu su zauna kusa da juna a matsayin shaidar cewa tsiro ɗaya ne.

Daga yau na fara ajiye ƙaramar rula a gefen tsiro a hoton farko na kowane wuri. Ba ta ƙawata hoto, amma in babu ita ba wanda zai san ko abin da yake kallo ya kai tsawon yatsa ko na farce.

16 ga Maris

Sanyi ya dawo, raɓa ta daskare a kan ciyawa, kuma kusan babu abin da ya motsa daga inda na bar shi. Na ɗauki hotunan duk da haka, domin makon da tsiro bai ƙaru ba shi ma labari ne, kuma kundin da aka cire irin waɗannan ranaku daga cikinsa zai nuna kamar girma yana tafiya ne bai ɗaya, alhali ba haka yake ba.

Bambancin da ke tsakanin gangare da bakin rafi ya fito fili yau. A arewacin duniya gangaren da ke kallon kudu ya fi samun rana, ƙasarsa tana ɗumama da wuri. Kwari kuwa shi ne matattarar iska mai sanyi, wadda ke gangarowa da dare saboda ta fi mai ɗumi nauyi. Na soka ma'aunin zafi a ƙasar wuraren biyu, na gangaren ya nuna sama da na rafin, kuma tsirran sun gaskata shi: nau'in da ya buɗe ganye a sama har yanzu yana naɗe a ƙasa, duk da cewa tafiyar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta 'yan mintuna ba.

22 ga Maris

An wuce ranar da dare da yini ke daidaita, wadda ke faɗowa wajen 20 ga Maris, kuma dajin ya canza cikin 'yan kwanaki fiye da yadda ya canza a duk watan da ya gabata. Bakin rafi ya cika da Ficaria verna, mai ganye kamar zuciya da fure mai ruwan ɗorawa wanda ke ƙyalli sai ka ce an shafa masa mai. Wannan ƙyallin ne matsalar mai hoto, domin a cikin rana tsaka yana mayar da haske har launin ya ƙone ya koma fari, babu zane babu komai. Na tsaya ta yadda inuwata ta rufe furen, na sa farar takarda a ɗaya gefen ta maido masa da haske mai laushi, sai jijiyoyin ganyayensa suka bayyana. Ana yawan cewa ranar da gajimare ya rufe sama ita ce mafi kyau ga hoton fure, kuma gaskiya ne ta fuskar haske, sai dai wannan furen yana rufewa idan gari ya yi duhu ko ruwa ya tashi sauka. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne siririn gajimare wanda rana ke ratsawa.

Da dare na zauna na jera hotunan bisa wuri da kwanan wata, sai tunanina ya tafi ga waɗanda suka yi irin wannan aiki tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Robert Marsham ya fara rubuta alamomin shigowar bazara a yankin Norfolk na Ingila a shekarar 1736, yana lura da ranar da itatuwa suka yi ganye da ranar da tsuntsaye suka dawo, kuma zuriyarsa ta ci gaba da rubutun har 1958. A birnin Kyoto na Japan ana da tarihin ranakun da itatuwan ceri ke cika da fure tun daga ƙarni na 9, kuma a 2021 cikar ta zo ranar 26 ga Maris, da wuri fiye da duk abin da aka taɓa rubutawa kafin nan. Da irin waɗannan rubuce-rubuce ne masana suka iya nuna cewa bazara tana matsowa gaba yayin da duniya ke ɗumama. Abin da ya ba rubuce-rubucen daraja shi ne kallon abu ɗaya a wuri ɗaya shekara da shekaru, da rubuta ranar daidai. Kyamarar yau tana ajiye rana da sa'a a jikin kowane hoto da kanta, saboda haka na duba agogonta na tabbatar yana daidai.

30 ga Maris

Ranar da na fi jira ta zo. Anemone nemorosa ya buɗe a ƙarƙashin tsofaffin itatuwan da ke saman gangare, ya shimfiɗu fari fat tsakanin ruɓaɓɓun ganyayen bara. Makon jiya abin da ke wurin bai wuce lanƙwasassun kara masu ja-ja ba, kowanne ya fito da wuyansa a gaba yana jan naɗaɗɗen ganye a baya, ta yadda ƙasa ba za ta goge tohon ba yayin fitowa. Hoton wannan lanƙwasa ya fi mini hoton furen daraja, domin furen kowa yana ɗaukarsa, fitowar kuwa sai wanda ya zo da wuri ya kuma durƙusa.

Na zauna a gaban gungu guda tun hantsi. Da farko furannin a rufe suke, kawunansu a ƙasa, ana ganin ɗan jan da ke bayan ganyayensu. Da rana ta hau sai suka miƙe suka buɗe, mafi yawansu da ganye 6 ko 7, suka fuskance ta, kuma da ta karkata suka karkata tare da ita. Na kafa kyamara a kan mai ƙafa uku na bar ta a wuri ɗaya, ina ɗauka lokaci bayan lokaci, don a ga motsin idan an jera hotunan. Farin fure a kan ƙasa mai duhu yana rikita ma'aunin hasken kyamara, wanda ke ƙoƙarin haskaka duhun har farin ya ɓace. Na rage hasken da hannu, ina duba jadawalin haske da ke bayan kyamara maimakon in dogara da idona.

Wannan tsiro yana yaɗuwa ne galibi ta saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, kuma tafiyarsa a hankali take ƙwarai, shi ya sa masana a Ingila suke ɗaukar yawansa a matsayin ɗaya daga cikin alamomin kurmin da ya daɗe ba a sare shi ba. Wannan ne ya sa abin da na gani a gefen shimfiɗar ya dame ni. Wani ya ratsa ta tsakiya, wataƙila yana neman kusurwa mai kyau, ya bar sawun takalmi da karyayyun kara. Tsiron da aka tattake ganyensa a wannan lokaci ya rasa damar tara abincin shekara guda, ƙasar da aka danne kuma tana hana saiwa numfashi. Ni dai ban yarda akwai hoton da ya kai wannan hasara ba. Ina ɗauka ne daga bakin turba ko daga kan dutse, inda hannu bai kai ba kuma in yi amfani da dogon gilashi.

6 ga Afrilu

A bakin rafi ganyayen Allium ursinum sun fito da yawa, kuma tun daga nesa ake jin warinsu mai ƙarfi. A tsakaninsu akwai Arum maculatum, wanda yake da guba, kuma yayin da ganyayen biyu suke ƙanana suna kama da juna har su ruɗi mai kallo. Na ɗauke su gefe da gefe, haske yana ratsowa ta bayansu. A na farkon jijiyoyin ganye suna tafiya a jere daga gindi zuwa baki, a na biyun kuwa sun rarrabu sun sarƙe, kuma idan ganyen ya girma gindinsa yana fitar da kunnuwa biyu masu kallon baya.

Wannan ya sa na sauya tsarin ɗaukata. Yanzu kowane tsiro yana samun hoton wurin da yake da maƙwabtansa, da na jikinsa gaba ɗaya, da na saman ganye da ƙarƙashinsa, da na inda ganye ya haɗu da kara, kafin in zo kan fure. Na ɗora wasu a manhajar iNaturalist, inda masu ilimin tsirrai ke taimakawa wajen tantance suna, kuma na lura cewa hoton da ya fi amfanar su sau da yawa shi ne wanda ba shi da ado. Shawarar da manhaja ke bayarwa da kanta mafari ce kawai, ba na rubuta suna a kundi sai na gwada shi da siffofin da aka san nau'in da su. Idan tsiron ba mai yawa ba ne, ina ɓoye ainihin wurin da yake, saboda masu tonewa.

Kaska ta fara fitowa, kuma a waɗannan yankuna tana iya ɗauke da cutar Lyme. Mai kwanciya a cikin ganye don ɗaukar hoto dole ya rufe jikinsa, ya kuma duba fatarsa da kyau idan ya koma gida.

13 ga Afrilu

A gefen filin tsakuwa wasu kara masu launin ƙasa-ƙasa sun fito, babu kore a jikinsu ko kaɗan, kowanne da gaɓoɓi da ɗan kai mai tsini. Equisetum arvense ne. Ba ya fure kuma ba ya iri, wani gari mai laushi yake saki daga kan nan, bayan haka karan ya bushe, sannan korayen rassa su fito daga saiwa ɗaya. Danginsa sun rayu fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce, wasunsu da tsayin itatuwa, a dazuzzukan da suka zama kwal daga baya. Don in samu kan gaba ɗaya sarai, na ɗauki hotuna da yawa ina matsar da saiti kaɗan-kaɗan daga gaba zuwa baya, sannan na haɗa su a kwamfuta. Dabarar tana aiki ne kawai idan abin bai motsa ba, kuma gajartar wannan kara ta taimaka.

Ina cikin haka wata babbar ƙudar zuma mai gashi, daga jinsin Bombus, ta sauka a kan furen Pulmonaria da ke kusa. A wannan jinsi sarauniya ce kaɗai ke tsallake hunturu, tana kwance a cikin ƙasa, kuma tana iya tashi a sanyin da sauran ƙwari ba sa iyawa saboda tana karkaɗa tsokar fikafikanta har ƙirjinta ya ɗumama zuwa wajen digiri 30 a ma'aunin Celsius. Furen da ta sauka a kai shi ma abin lura ne, domin yana buɗewa da launin ja-ja sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi, har a ga launukan biyu a kan kara ɗaya. Ban bi ta ba. Na saita kyamara a kan gungun furen na jira ta dawo, kuma ta dawo.

20 ga Afrilu

Galanthus na gindin kututture ya daɗe da zubar da furensa. Karansa ya kwanta a ƙasa da koren kwanson iri a bakinsa, ganyensa ya yi tsawo ya fara laushi. Irin da wannan tsiro ke zubarwa, kamar na wasu da dama a kurmi, yana ɗauke da ɗan maiƙo a jikinsa wanda tururuwa ke so. Sukan ja shi zuwa gidansu, su cinye maiƙon, su yar da ƙwayar a wurin da za ta iya tsirowa. Kwanson bai nuna ba tukuna, saboda haka na ƙara sanda a kusa da shi don kada ya ɓace mini a cikin ciyawar da ke tasowa.

Tussilago ya koma farin gashi mai tashi a iska, ƙananan ganyayensa kuma sun fara leƙowa, ƙarƙashinsu fari da laushi. Na samu hoto na biyu da nake nema tun 10 ga Maris.

27 ga Afrilu

Itatuwan sama sun buɗe ganye, kuma kyamara ce ta fara sanar da ni kafin idona. A wurin da nake ɗauka da 1/250 a watan jiya, yanzu sai na sauko ƙasa sosai ko na ɗaga ISO, hasken kuma ya ɗauki launin kore wanda ke ɓata farin fure, dole in gyara shi da farar takarda. Idan rufin ya kammala, abin da ke isa ƙasa a kurmi mai kauri bai kai kashi 10 cikin 100 na hasken da ke sama ba. Daga yau na ƙara hoto guda a kowane wurin tsayawa, kyamara tana kallon sama tsaye, don a ga yadda rufin ke cika daga mako zuwa mako a kuma gwada shi da halin tsirran da ke ƙasa.

Anemone ya fara zubar da fure, Ficaria ya fara rawaya a bakin ganye, Allium kuwa yanzu ne ya fitar da fararen furanninsa, domin shi ya fi su jure inuwa. Da na duba abin da na tara, na ga matakin fure ya fi kowane mataki yawan hotuna, matakin bushewa kuma shi ne mafi ƙaranci, alhali a cikinsa ne tsiron ke mayar da abincin da ke ganyensa zuwa saiwa. Aikin watan Mayu ke nan: bin ganyen Anemone da na Ficaria har su ɓace daga fuskar ƙasa, da tsaron kwanson Galanthus har ya fashe, da ɗaukar korayen rassan Equisetum a daidai inda karan farko ya tsaya. Sandunan alama za su zauna a wurarensu har hunturu mai zuwa, kuma na zana taswirarsu a bayan kundin tare da nisan kowace daga itacen da ya fi kusa da ita, saboda ganyen kaka zai binne su kafin Fabrairu.